MTH 101: Darasin lissafin da ya kamata ya zama tushe, aka mayar da shi rariya

A watan Oktoban 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, ƙarƙashin Minista Tunji Alausa, ta sanar cewa ɗalibin da ke neman gurbin karatu a fannonin adabi, harsuna, tarihi da makamantansu ba sai ya samu kiredit a lissafi ba kafin jami'a ta ɗauke shi. Sanarwar ta tayar da ƙura, har sai da ma'aikatar ta sake fitowa ta bayyana cewa lissafi na nan daram cikin darussan da kowane ɗalibin sakandare zai rubuta a jarrabawar fita. Aka yi kwanaki ana ja-in-ja a jaridu da gidajen rediyo, sannan maganar ta bi ruwa.

Duk muhawarar a bakin ƙofar jami'a ta tsaya. Ba a cika tambayar abin da ke samun dubban matasan da suka riga suka samu kiredit ɗin ba, waɗanda suka shiga fannonin kimiyya, injiniyanci da kwamfuta da murnarsu, sai kawai suka yi karo da kwas ɗin da ake kira MTH 101, wato aljabara da lissafin kusurwa, a zangon karatunsu na farko. A nan ne guiwar da yawa daga cikinsu ke sanyi. Wasu su maimaita kwas ɗin sau biyu ko uku, wasu su sauya fanni, wasu kuma su haddace amsoshin tsofaffin tambayoyi su tsallake da ƙyar, su tafi aji na gaba da ramin da ba a cike ba. Wannan kwas shi ne mahaɗar sakandare da duk wani ilimin ƙididdiga da ke gaba, kuma yadda ake tafiyar da shi yanzu ya fi kama da tankaɗe fiye da koyarwa. Gyara shi aiki ne na hukumomin tarayya, kuma ma'aikatan tarayya na cikin waɗanda lalacewarsa ta fi shafa.

Abin da ke cikin kwas ɗin

Manhajar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta ƙaddamar a watan Disamban 2022 ta zayyana abin da za a koya a MTH 101. Akwai ka'idojin rukunin abubuwa da yadda rukuni ke haɗuwa da rukuni, da ire-iren lambobi, da hanyar kafa hujja mataki bayan mataki, da jerin adadi masu ƙaruwa da masu ninkuwa, da warware lissafin da adadin da ake nema ya ninka kansa a ciki, da lambobin da ake kira masu sarƙaƙiya. Daga nan sai awon kusurwa a da'ira, da sayin da kosayin da tanjan na kowace irin kusurwa, da ka'idojin haɗa su da rarraba su. An ware wa duk wannan awa 30 na lacca, wato awa biyu a mako har tsawon mako 15. Da an gama sai MTH 102, wato kalkulas, wanda ya ɗauka cewa duk abin da ya gabata ya zauna a kan ɗalibi. Masu karatun tattalin arziki da akanta ma suna da nasu kwas mai kama da wannan, da wani suna daban.

Lissafi ya bambanta da yawancin darussa ta fuskar cewa kowane bulo a kan na ƙasa yake zaune. Ɗalibin tarihi da ya rasa laccar daular Borno zai iya fahimtar laccar jihadin Shehu Usman Ɗanfodiyo a mako mai zuwa. Wanda bai iya haɗa sulusi da rubu'i ba kuwa, ba zai iya haɗa kason da aka rubuta da haruffa ba, kuma wanda bai iya wannan ba, babu abin da zai tsinta a kalkulas. Malaman da suka daɗe suna koyar da kalkulas sun sha faɗin cewa sabon darasin ba shi ne ya fi kayar da ɗalibai ba, aljabarar da ake buƙata a tsakiyar aikin ce ke harɗe su. Injiniyan da ya kasa ƙididdige nauyin da ginshiƙi zai ɗauka a aji huɗu, sau da yawa a aji ɗaya ya yi ɓatan kai.

Inda gizo ke saƙa

Matsalar farko ita ce tazarar da ke tsakanin takardar sakamako da abin da ke cikin kai. A 2024 Hukumar WAEC ta ce kashi 72.12 cikin 100 na waɗanda suka zauna jarrabawarta sun samu kiredit biyar har da Turanci da lissafi. A 2025 ta fara bayyana kashi 38.32, daga baya ta ce an samu kuskure a makin wasu takardu, ta gyara zuwa kashi 62.96. Ko wane adadi aka ɗauka, kiredit mafi ƙanƙanta, wato C6, yana buɗe ƙofar jami'a daidai da yadda A1 ke buɗe ta, alhali MTH 101 ya ginu ne a kan zaton cewa ɗalibi ya ƙware. Wani ɓangare na kwas ɗin ma ya fi kusa da darasin lissafi mai zurfi da ake zaɓa a sakandare, wanda makarantun gwamnati da dama, musamman na karkara, ba su da malamin da zai koyar da shi. Don haka a aji ɗaya ake tara ɗan makarantar kuɗi ta Maitama da ya taɓa ganin abin, da ɗan makarantar jeka-ka-dawo da bai taɓa jin sunansa ba, a ba su jarrabawa iri ɗaya bayan wata uku.

Matsala ta biyu yawan jama'a ne. Tun da kwas ɗin na tsangayoyi da yawa ne, a manyan jami'o'in gwamnati akan tara ɗaruruwan ɗalibai a babban ɗakin lacca, wasu a tsaye, wasu a bakin taga, malami ɗaya na rubutu a allon da na baya ba sa gani. Lissafi kuwa da hannu ake koyonsa. Sai mutum ya yi aiki, ya yi kuskure, wani ya nuna masa layin da ya zame, sannan ya sake. Malami ɗaya ba zai iya duba aikin gida na mutum 700 a kowane mako ba, saboda haka aikin gida ya kau. Da ya kau sai aka koma jarrabawar kwamfuta ta canki-canka, wadda ke duba amsar ƙarshe kawai, ba ruwanta da hanyar da aka bi. Ɗalibai ba wawaye ba ne: sun gane cewa haddar amsoshin bara ta fi saurin biya, suka rungume ta.

Ta uku ita ce kalandar karatu. Yajin aikin ASUU na 2022 ya fara ranar 14 ga Fabrairu, bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba. Bayan irin wannan hutu na dole jami'o'i kan matse zangon karatu don cike giɓi, kuma abin da ke ƙarshen manhaja shi ake yi wa gaggawa. A MTH 101 lissafin kusurwa ne a ƙarshe.

Abin da ya shafi teburin ma'aikaci

Mai karatu da ke Sakatariyar Tarayya zai iya cewa wannan damuwar malaman jami'a ce. Akwai dalilai da ke nuna tasa ce. 'Ya'yansa da ƙannensa ne ke zaune a waɗannan ɗakunan lacca, kuma kowace shekarar da aka maimaita daga albashinsa ake biya. Ma'aikata da dama su kansu ɗalibai ne a Jami'ar Karatu Daga Gida ta Ƙasa, NOUN, mai hedikwata a Jabi, ko a shirye-shiryen karatun ƙarshen mako, suna fama da kwas ɗin bayan sun shekara 15 rabonsu da littafin lissafi. Babban dalili kuwa shi ne, takardun da ke yawo tsakanin ofisoshin gwamnati cike suke da irin lissafin da wannan kwas ke horar da mutum a kai, kuma kuskure a cikinsu kuɗin jama'a yake ci.

A ɗauki kaso cikin ɗari, wanda kowa ke ganin ya iya. A watan Fabrairun 2020 harajin kayayyaki na VAT ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5. Hadimin da ya rubuta wa maigidansa cewa an ƙara harajin da kashi 2.5 cikin 100 ya ɓatar da shi, domin abin da mai saye ke biya na haraji ya ƙaru ne da rabi, wato kashi 50 cikin 100. Haka kuma, kafin watan Yunin 2023 dala na kusan Naira 460 a farashin gwamnati, zuwa farkon 2024 ta kai wajen Naira 1,500. An sha jin masu sharhi na cewa Naira ta faɗi da fiye da kashi 200 cikin 100, abin da ba zai taɓa yiwuwa ba, tun da babu abin da zai yi asarar fiye da dukkan darajarsa. Dala ce ta tashi da kusan kashi 226, Naira kuwa ta rasa kusan kashi 69. Lambobin biyu duk gaskiya ne, amma kowace tana amsa tambaya daban. Ko a kasafin kuɗi, idan aka zabtare kashi 20 daga Naira miliyan 100 a bana, aka ƙara kashi 20 a baɗi, miliyan 96 za a samu, kuma daraktan da ya ce an mayar masa da kuɗinsa ya yafe miliyan 4 bai sani ba.

Sai jerin adadi masu ninkuwa, wanda babi ne guda a MTH 101. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga Naira 30,000 a 2019 zuwa Naira 70,000 a watan Yulin 2024. A tsakanin shekarun nan hauhawar farashi, bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, ta tashi daga kusan kashi 11 zuwa sama da kashi 34. Don misali kawai, a ƙaddara cewa farashi ya riƙa hawa da kashi 20 a kowace shekara har shekara biyar. Wanda ya yi tarawa zai ce kashi 100 ke nan, don haka Naira 60,000 ta isa ta sayi abin da 30,000 ke saye a da, har ma'aikaci ya ci ribar 10,000. Wanda ya san cewa ƙarin kowace shekara a kan farashin shekarar da ta gabata yake hawa zai ninka, ya samu kusan Naira 74,650, ya ga cewa 70,000 ba ta kai ba. Idan ɗaya na gefen gwamnati a teburin sulhu, ɗaya na gefen ƙwadago, bambancin tarawa da ninkawa shi ne bambancin cefanen miliyoyin gidaje.

Fansho ma haka yake. Dokar Gyaran Fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya zuba kashi 8, wanda ya ɗauke shi aiki ya zuba aƙalla kashi 10. A ƙaddara ana zuba wa mutum Naira 240,000 a shekara har shekara 30, asusun na samun ribar kashi 10 a shekara. Kuɗin da aka zuba Naira miliyan 7.2 ne, amma abin da zai taru ya kusa miliyan 39.5, kuma kusan kashi biyu cikin uku na wannan daga zubin shekara goman farko ya fito. Ma'anar wannan ita ce, ofishin da ya yi jinkirin tura kuɗin sabon ma'aikaci ya fi cutar da shi fiye da wanda ya yi wa mai shirin ritaya jinkiri, ko da adadin kuɗin ɗaya ne. Wanda bai san wannan lissafi ba zai karɓi uwar kuɗin da aka biya shi a makare, ya yi godiya.

Masu tsara ƙasa kuwa da wannan babin suke kwana suke tashi. Ƙidayar 1991 ta ba da mutum miliyan 88.9, ta 2006 ta ba da miliyan 140.4, wato ƙaruwar kusan kashi 3.2 a shekara. A irin wannan sauri al'umma na ninkuwa cikin shekara 22. Tun 2006 ba a sake ƙidaya ba, don haka kowane adadin jama'a da ake kasafta azuzuwa da gadajen asibiti da shi hasashe ne da aka ciro ta wannan hanya. Jami'in da bai fahimci yadda aka ciro shi ba, ba zai san iyakar amincinsa ba.

Kusurwa da alwatika

Lissafin kusurwa ne ɗalibai suka fi tambayar amfaninsa. Asalinsa abu ne mai sauƙi: idan aka san tsawon gefe ɗaya na alwatika da kusurwoyinta biyu, an san sauran ba tare da an je an auna ba. Wanda ya tsaya mita 100 daga gindin hasumiya, ya ga sai ya ɗaga ido digiri 30 kafin ya hango ƙololuwarta, ya san ta fi tsayin idonsa da kusan mita 58. A kan wannan ka'ida aka shimfiɗa taswirar Najeriya, da sarƙar alwatikai da safiyoyi suka auna daga tudu zuwa tudu, wadda aka kafa tushenta a kusa da Minna. Ofishin Babban Safiyon Tarayya da makarantar safiyo ta tarayya da ke Oyo a kan wannan ilimi suke tsaye. Shata iyakar Najeriya da Kamaru mai tsawon kusan kilomita 2,000, bayan hukuncin Kotun Duniya na 10 ga Oktoban 2002, aiki ne na kusurwa da nisa, kuma kuskuren awo a can gonar wani ce ke komawa wata ƙasa.

Abin ya sauko har cikin ofishin sayen kaya. Janareta mai ƙarfin kVA 100 yawanci kilowat 80 yake bayarwa, domin tsakanin ma'aunan biyu akwai kosayin na wata kusurwa da masu ƙera injin suka saba ɗauka a matsayin 0.8. Jami'in da ya ɗauka ma'aunan ɗaya ne zai sayo injin da ya gaza wa ginin. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su samar da hanyar keken guragu. Gangaren da aka fi amincewa da shi a duniya shi ne hawan mita ɗaya cikin tafiyar mita 12, wato ƙasa kaɗan da digiri 5. Ƙofar da ta ɗara ƙasa da santimita 60 tana buƙatar gangare mai tsawon mita 7.2. Gangaren mita biyu da ake likawa a bakin wasu ofisoshi don a ce an bi doka, mai keke ba zai iya hawansa shi kaɗai ba, kuma akwai wanda ya sa hannu a takardar biyan ɗan kwangilar.

Ba baƙon ilimi ba ne

Akwai wani tunani da ya daɗe yana kashe wa yara guiwa, cewa lissafi kayan Turawa ne kuma sai mai baiwa ta musamman. Tarihi bai goyi bayan wannan ba. Kalmar aljabara daga sunan littafin Muhammad bin Musa Al-Khawarizmi ta fito, wanda ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820, zamanin Halifa Ma'amun, kuma babban kaso na littafin a kan wasiyya da rabon gado yake. Al-Battani da Abul Wafa sun faɗaɗa lissafin kusurwa don nazarin taurari, malamai suka yi amfani da shi wajen gano alƙibla da lokutan salla, Al-Biruni kuma ya ƙiyasta girman duniya ta hanyar auna tsayin wani dutse da kusurwar da ke tsakanin ƙololuwarsa da ƙarshen gani. Daga ƙasar Hausa, Muhammad bin Muhammad Al-Fulani Al-Katsinawi ya rubuta littafi a 1732 kan ka'idojin jera lambobi a gidajen hatimi, ya rasu a Alƙahira a 1741. A wannan zamani Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafi daga Adamawa, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1975 zuwa 1978.

Malamin zaure da ke raba gado aljabara yake yi ko bai kira ta da sunan ba. Mutum ya rasu ya bar mata da uwa da ɗa da 'ya, da dukiyar Naira miliyan 7.2. Mata na da sumuni, Naira 900,000. Uwa na da sudusi, miliyan 1.2. Saura miliyan 5.1, kuma rabon ɗa ninki biyu ne na rabon 'ya. Idan aka sa wa rabon 'ya harafi, uku ɗinsa ne miliyan 5.1, don haka ita tana da miliyan 1.7, shi yana da miliyan 3.4. Wannan shi ne neman adadin da ba a sani ba, kuma da irin wannan misali za a iya buɗe wa ɗalibin Zariya ko Gusau kai kafin a kai shi ga haruffa zalla. Littattafan da ake amfani da su ba su cika yin haka ba.

Hujjar masu ganin a sassauta

Akwai masu cewa ba kowa ke buƙatar wannan ba, kuma suna da gaskiya ta wani ɓangare. Mai karatun adabin Hausa ba shi da buƙatar lambobi masu sarƙaƙiya, kuma hana shi shiga jami'a shekara uku saboda kiredit ɗaya asara ce. Ma'aikacin gudanarwa ma ya fi buƙatar kaso da ƙididdiga da karanta jadawali fiye da ka'idojin haɗa sayin da kosayin. Abin da wannan hujja ke nunawa shi ne a samar wa kowane fanni lissafin da ya dace da shi. Ba ta nuna a bar mai digiri ya fita bai iya bambance tarawa da ninkawa ba, tun da mai digirin tarihi ma yakan zama babban sakatare, ya sa hannu a kasafin biliyoyi.

Wasu kuma na cewa waya da kwamfuta, balle manhajojin ƙirƙirarriyar basira, suna warware kowane lissafi cikin daƙiƙa. Haka ne, suna warware abin da aka ba su. Na'ura ba ta san an shigar mata da kVA a gurbin kilowat ba, kuma idan ta ba da amsar da ta kauce, wanda ya san girman amsar da ya kamata a samu ne kaɗai zai tsaya ya ce akwai gyara. Yawaitar na'ura ta rage buƙatar mai lissafi da hannu, ta ƙara buƙatar mai duba sakamako.

Hujja ta uku ita ce mafi haɗari, domin a cikin jami'o'i take: cewa yawan faɗuwa alama ce ta inganci, kuma aikin kwas ɗin ne ya tace waɗanda ba su cancanta ba. A Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka, cikin shekarun 1970, Uri Treisman ya bi diddigin dalilin da ya sa ɗalibai baƙar fata masu ƙwazo ke faɗuwa a kalkulas alhali 'yan asalin Sin na cin nasara. Ya gano cewa na farko kowa shi kaɗai yake karatu, na biyu kuwa a ƙungiya suke aiki, suna duba wa juna kuskure. Ya kafa zaman bita na ƙananan ƙungiyoyi inda ake warware tambayoyi masu wuya tare, sakamakon ɗaliban ya sauya, jami'o'i da dama suka kwaikwayi tsarin. Waɗanda rariyar ke zubarwa, da yawansu hanyar karatu ce ba a nuna musu ba.

Abin da ya kamata a yi

Manhajar 2022 ta bar wa majalisar kowace jami'a kashi 30 cikin 100 na abin da za ta koyar. Wannan dama ta isa a yi wa kowane sabon ɗalibi gwajin awa ɗaya a makon farko, ba don maki ba, don a gano wanda ke da rami a kaso da aljabarar sakandare, a ba shi ƙarin awa biyu a mako yana tafe da kwas ɗin. Jami'o'i sun riga sun saba da irin wannan aiki ta shirye-shiryen share fage kamar IJMB da makarantar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Funtuwa. Abin da ya rage shi ne a shigo da shi cikin aji ɗaya.

NUC na da ikon sanya zaman bita na mutum 30 zuwa 40 cikin sharuɗɗan tantance kwasa-kwasai, da kuma tilasta cewa wani kaso na makin MTH 101 ya fito daga aikin da aka rubuta da hannu aka duba mataki-mataki. Masu jagorantar bitar suna nan: ɗaliban digiri na biyu da haziƙan 'yan aji huɗu, waɗanda ɗan alawus zai wadatar. Kuɗin wannan bai kai na ƙofar jami'a guda mai ado ba, kuma ya dace Asusun TETFund ya ɗauke shi a matsayin aikin raya ilimi kamar yadda yake ɗaukar gini. Ya kamata kuma kowace jami'ar tarayya ta riƙa bayyana adadin waɗanda suka ci da waɗanda suka faɗi kwas ɗin a kowace shekara, domin ciwon da aka ɓoye ba ya samun magani. Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Sheda a yankin Kwali, wadda aka kafa tun ƙarshen shekarun 1980, ita ce ta fi cancanta ta shirya littafin aiki guda mai misalan kasuwa, gona, gado da albashi, ta sake shi kyauta a intanet.

Ofishin Shugaban Ma'aikatan Tarayya ma yana da rawar takawa. Kwalejin horar da ma'aikata ta ASCON da ke Badagry da Cibiyar Horar da Ma'aikata da ke kan hanyar Kubwa za su iya gudanar da gajeren kwas na mako biyu kan kaso, ninkuwa da karanta jadawali ga duk jami'in da zai hau matakin da ake sa hannu a kan kuɗi. Ministan da ke ɗaukar mataimaki na musamman kan tattalin arziki ba zai yi laifi ba idan ya ba shi misalin VAT ɗin nan ya ga yadda zai amsa.

Ga ma'aikacin da ya koma karatu yana fama da kwas ɗin, da uban da ɗansa ya kira waya ya ce ya faɗi, hanyar a bayyane take. A koma littafin ajin farko na babbar sakandare ba tare da jin kunya ba, a gyara kaso da ka'idojin alamar ƙari da ragi kafin a taɓa sabon babi. Minti 40 kullum da biro da takarda sun fi kwana biyu ba barci dab da jarrabawa. A nemi mutum uku ko huɗu a riƙa zama tare, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kuma kafin a duba amsa a waya, a fara rubuta hasashen girmanta.

Gwamnati ta ce tana son faɗaɗa ƙofar jami'a don ƙarin dubban matasa su shiga, kuma manufa ce mai kyau. Amma idan aka ƙara yawan masu shiga, ɗakin laccar MTH 101 na nan da malami ɗaya da awa 30 da jarrabawar canki-canka, yawan masu faɗuwa da masu hadda ne zai ƙaru. Waɗannan matasa su ne za su karɓi ragamar ma'aikatun ayyuka, lantarki da kuɗi nan da shekara 20, kuma su ne za su ƙididdige fanshon waɗanda ke kan kujerun a yau.